Firosesa ɗaya na canja wa tsohuwar kwamfutar gem ɗina, amma sai da na yi sati uku ina lissafi

Kwamfutar nan tun 2018 muke tare. Lokacin da na haɗa ta kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba, sai na ɗauki firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 3 1200 na kamfanin AMD, madabod B350 na masu ƙaramin ƙarfi, wato allon da komai ke ɗaure a kansa, ram sanda ɗaya mai giga 8, da wani katin girafik ɗan gwanjo wanda yanzu ko inda ya ƙare ban tuna ba. Daga baya da na ɗan samu sarari na sa mata GTX 1660 Super da SSD, shikenan tun daga nan ban ƙara kwance ta ba sai dai in zan hure mata ƙura. Kuma tsakani da Allah ta yi min aiki, GTA V, PES, Fortnite, duk ta ja su ba ƙorafi a kan sikirin ɗina na 1080.

A hankali abin ya fara. Da Counter-Strike 2 ya fito a 2023 na lura in an jefa hayaƙi ko mutane sun taru waje ɗaya sai hoton ya ƙame na ƙiftawar ido, kafin ya saki an riga an kwantar da ni. Warzone kuwa ba a magana, in na sauka inda ake cunkoso sai ka ga kamar ana nuna min hotuna ɗaya bayan ɗaya, ga shi in na buɗe Discord ko Chrome a gefe abin sai ya ƙara dagulewa. Ƙanina da yake zaune a bayana yana kallo kullum maganarsa ɗaya, "Yaya katin nan ne ya tsufa, ka sayi sabo kawai ka huta." Abokai ma haka, duk wanda ka gaya wa gem na hangin sai ya ce kati. Ni ma wlh na kusa yarda, har na fara tambayar farashin katuna, da na ji kuɗin ne jikina ya yi sanyi na ce bari dai in duba tukuna kafin in zuba kuɗi a inda ba ciwo.

Abin da na yi ba wani ilimi ba ne. Na sauke MSI Afterburner, na kunna ɗan rubutun nan da yake fitowa a kusurwar sikirin yana nuna maka yawan firam, wato hotuna nawa gem ke fitarwa a sakan ɗaya, da kuma nawa firosesa da kati suke aiki. Ina shiga gem sai ga kor huɗun nan na 1200, wato hannuwan aikin da ke cikin firosesan, duk sun cika maƙil, ɗari bisa ɗari, shi kuwa katin yana shan iska, aikinsa bai fi rabi da ɗan wani abu ba. Don in tabbatar sai na sauke komai ƙasa, na mai da sikirin 720, na kashe inuwa da duk wani ado, hoton ya koma kamar gem ɗin waya amma firam ɗin ko motsi bai yi ba, ƙamewar ma tana nan. To nan na gane. Da katin ne ya gaza, ina rage masa kaya zai yi sauri. Abin kamar mai tuyar ƙosai ce da babban kasko da wuta isasshiya amma yarinya ɗaya ke buga mata ƙullu, ko ka sayo mata kasko ninki biyu layin masu jira ba zai ragu ba. Ryzen 3 1200 kor 4 ne zare 4, wato layin aiki huɗu kawai yake ja a lokaci guda, na 2017, gudunsa daga 3.1 zuwa 3.4 GHz, a zamaninsa dala 109 ne, ba laifinsa ba ne, gem ɗin yanzu ne suke neman hannuwa da yawa.

Sai kuma ga maganar Windows. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Windows 10 ta daina samun sabuntawa ta yau da kullum, ita kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar Ryzen na zubin farko irin nawa. Abu ya zama biyu kenan.

Farkon abin da zuciya ta raya min shi ne in zubar da komai in koma sabon yayin soket na AMD, wato ramin da firosesa ke zama a madabod, AM5, wanda ya fito a Satumbar 2022. Na zauna na yi lissafi a bayan takardar rasit: sabon firosesa, sabon madabod, sabon ram don AM5 ba ya cin DDR4 sai DDR5. Abu uku kenan a lokaci guda don in gyara abu ɗaya. Na leƙa ɓangaren Intel, i5-12400F yaro ne mai kyau, kor 6 zare 12, kuma akwai madabod ɗinsa masu cin DDR4, amma nan ma sai na sayi madabod, in kwance kowace waya in sake ɗaurawa. Ni kuma abin da ke aljihuna na abu ɗaya ne da ɗan canji. Sai na dawo kan soket ɗin da nake da shi, AM4, na ce to me zai iya ɗauka?

A nan ne na ɓata kwanaki, kuma a nan ne na gane ashe ba ni ne zan zaɓi firosesa ba, madabod ɗin ne zai zaɓar min. Soket ɗaya ba ya nufin komai zai tashi. Firosesan zai zauna daram a raminsa, ka kulle, ka kunna, fanka ta juya, sikirin ya yi baƙi ƙirin saboda bayos, wato 'yar manhajar da ke kan madabod wadda ke tayar da kwamfuta kafin Windows, bai san shi ba. Na kwance murfin kes na haska tocilan waya na karanta cikakken sunan madabod ɗin har da ɗan rubutun rebishon da ke kusurwa, saboda suna ɗaya kan zo da zubi biyu kuma bayos ɗinsu ya bambanta, sannan na shiga shafin kamfanin na nemi jerin firosesan da yake ɗauka. Kowane firosesa an rubuta lambar bayos ɗin da yake buƙata a gabansa. Nawa bayos ɗin na 2018 ne, tun da na sayi abin ban taɓa shi ba.

Labarin yadda B350 ya samu wannan dama ma abin ji ne. Da Ryzen 5000 za su fito a 2020, AMD cewa ta yi sai madabod na jerin 500 kaɗai, mutane suka yi ca, ta sassauta ta shigar da jerin 400 irin su B450. Mu 'yan 300 aka bar mu a baya har zuwa Maris na 2022 sannan aka sanar cewa A320 da B350 da X370 ma za su samu. Wani ɓangare na matsalar shi ne ɗan guntun da bayos ke zama a ciki a yawancin tsofaffin madabod mega 16 ne kacal, ba zai iya riƙe bayanan duk firosesan da aka yi wa AM4 ba, don haka in za a shigar da sababbi sai an fitar da wasu tsofaffi, wasu kamfanonin har adon fuskar bayos ɗin suka rage don su samu wuri. Da na ga sunan Ryzen 5 5600 a jerin madabod ɗina sai da na tashi na zaga ɗaki.

To sai zaɓe. Na rubuta su a takarda ina sokewa.

Ryzen 5 3600 shi na fara kallo don shi ya fi araha a gwanjo kuma ya cika kasuwa. Na 2019 ne, kor 6 zare 12, in aka kwatanta da 1200 ɗina ai sama da ƙasa ne. Da bambancin kuɗinsa da 5600 mai yawa ne da shi zan ɗauka ban ji kunya ba. Amma ratar da na tarar ba ta kai a ce na haƙura da zubi guda sukutum ba, ga shi na san wannan ne canji na ƙarshe da madabod ɗin nan zai gani, in zan buɗe shi sau ɗaya gara in sa abin da ba zan dawo ina cizon yatsa ba.

Sai 5500. Wannan ya ja hankalina sosai don sunansa kusa da 5600 yake, kor 6 zare 12 shi ma, da ya fito a 2022 dala 159 ne shi kuma 5600 dala 199. Bambancin yana wajen abin da ake ce wa kash, ba kash na takaici ba, wata 'yar ma'ajiya ce a cikin firosesan kansa inda yake ajiye abin da zai buƙata nan take don kada ya yi ta aike wajen ram. 5600 yana da mega 32, 5500 mega 16. A aikin ofis ba za ka ji ba, amma gem suna son kash kamar me, musamman irin na harbi da nake bugawa, kuma a daidai wurin da ke min ciwo yake taimakawa, wato wannan ƙamewar ta ƙiftawar ido. Ana kuma yawan cewa 5500 ba shi da PCIe 4.0, wato hanya mafi sauri tsakanin firosesa da kati, amma ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan, B350 dama a 3.0 ya tsaya kuma 1660 Super ɗina ma 3.0 ne. Don haka in na ƙi 5500 saboda kash ne kawai.

5600X kuwa ɗan uwan 5600 ne ciki ɗaya, shi yana kaiwa 4.6 wancan 4.4, a gem sai ka sa ido sosai kafin ka ga bambanci. Harafin X ɗin ake biya wa kuɗi. Na soke.

Wanda ya hana ni barci shi ne 5700X3D. Kor 8, kash mega 96, duk bidiyon da ka kalla yabonsa ake, kuma yana cikin jerin madabod ɗina fa. Na yi kwana biyu ina raya wa kaina cewa in na matse zan iya. Abin da ya dawo da ni hayyacina abu uku ne da suka haɗu. Shi wat 105 ne, nawa 65, kuma ba ya zuwa da fanka, sai na sayi babba daban. Sannan na kalli gefen soket ɗina, 'yan na'urorin da ke tace wa firosesa wuta, rabinsu tsirara suke ko ƙarfen sanyaya babu, madabod ne na talaka da aka yi don ƙananan firosesa, na tuna zafin Afrilu na Kano lokacin da ko bango ka taɓa sai ka janye hannu, ɗakina kuma ba AC sai fankar sama in da wuta. Na ukun shi ne ya fi, in na ɗora wannan dokin a gaban 1660 Super me zai ja? Katin zai cika tun firosesan bai fara gumi ba, kuɗin da na ƙara ya zauna a banza. 5600 wat 65 ne daidai da tsohon, fankar Wraith Stealth da ta zo da 1200 ɗina za ta hau kansa, fawa saflai ɗina mai wat 450 ba sai na taɓa shi ba. Shikenan magana ta ƙare.

Ranar Asabar na hau adaidaita na nufi Beirut Road. Shagon farko babu, na biyu babu, na uku mai shagon ya ce akwai, ya shiga ciki ya fito da kwali sabo fil. Ina dubawa sai na ga G a ƙarshe, 5600G. Na ce "Alhaji ai ba wannan nake nema ba, marar harafi nake so." Ya ce "Malam ai wannan ya fi wancan, abu ɗaya ne sai dai shi an ƙara masa girafik a ciki, ko katinka ya mutu za ka ci gaba da aiki." Kuma ba ƙarya ya yi ba ta wannan fuskar, yana da girafik a ciki, ga wanda ba shi da kati ko mai shagon buga takardu abu ne mai kyau ƙwarai. Amma wurin da girafik ɗin ya zauna kash ne ya biya kuɗinsa, mega 16 gare shi kamar 5500, hasali ma 5500 ɗin kusan shi ne aka kashe wa girafik. Ni da nake da kati me zan yi da shi. Na yi masa godiya, ya ce Allah ya sa a dace, na wuce. Da ban yi karatun nan na sati uku ba wlh da na ɗauka ina murna, don sunan kusan ɗaya ne kuma kwalin ya fi kyau.

Can ciki wani matashi da ke haɗa wa 'yan gem da masu editin kwamfuta ya ce yana da guda ɗaya cire, wani ne ya ɗaga zuwa X3D ya bar masa. Ba kwali ba fanka, a cikin 'yar robarsa kawai. Gwanjon firosesa bai cika ba ni tsoro ba don abu ne da ba ya saurin lalacewa in ba a wulaƙanta shi ba, abin dubawa shi ne allurai. A AM4 alluran a jikin firosesan suke, 1331, sirara kamar gashi. Na ɗaga shi saitin haske na karkata shi ina bin layi layi, ta tsaye da ta kwance, in ɗaya ta lanƙwashe za ka ga layin ya karye. Duk lafiya. Na ce "Mutumina a ɗora min shi in gani da idona," bai musa ba, ya sa a kan madabod ɗin gwajinsa ya buɗe CPU-Z, manhajar da ke karanto bayanan firosesa, suna ya fito daidai, kor 6 zare 12, kash mega 32. Wannan gwajin kada ka bari a ce maka ba lokaci, rubutun da ke kan murfin ƙarfe ana iya sauya shi amma abin da manhajar ta karanto daga ciki yake. Muka yi ciniki, ya ba ni kwana bakwai in da matsala in dawo.

Shi ne ma ya tambaye ni ram nawa gare ni, da na ce sanda ɗaya mai giga 8 sai ya yi dariya ya ce to ai da ƙafa ɗaya kake gudu tun 2018. Gaskiyarsa, Ryzen yana son sanda biyu don hanyar ta zama biyu. Na so in sayi ɗaya in haɗa da tsohuwar, amma tsohuwar 2400 ce, in ka haɗa ta da mai 3200 duka biyun za su sauko su bi mai rauni. Na ciji yatsa na sayi tagwaye masu giga 8 kowacce, 3200, ya karɓi tsohuwar ya rage min wani abu. Canjin da na ce zai rage ya tafi a nan, da ƙyar na tsira da kuɗin mota da ɗan tamal fes, man da ake shafawa tsakanin firosesa da fanka don zafi ya wuce.

Yanzu aikin da ya fi ba ni tsoro, bayos. Dole a yi shi da tsohon firosesa a ciki, don madabod ɗina ba shi da maɓallin nan na baya da ke ba ka dama ka sabunta ba firosesa. In ka yi gaggawa ka cire tsohon ka sa sabon, ko ka riga ka sayar da tsohon, ka shiga uku. Shafin kamfanin kuma ya rubuta ɓaro ɓaro cewa ba a tsallakawa daga na 2018 zuwa na ƙarshe kai tsaye, sai an fara taka wani na tsakiya. Sau biyu kenan zan yi. Kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa madabod ɗin zai iya zama faranti, sai dai a kai wa masu cire guntun su rubuta shi da na'ura in an dace. A unguwarmu kuwa wuta ba ta sallama in za ta tafi. Janareta ma ban yarda da shi ba, namu yana tari in mai ya yi ƙasa. Sai na naɗe kwamfutar a bargo, ƙanina ya riƙe ta a bayan babur, muka tafi shagon wani abokina mai sola da inbata.

Na goge filash na mai da shi FAT32, na zuba fayil na farko, na shiga bayos na nuna masa. Layin nan ya fara tafiya a hankali, abokina yana min hira ina amsa masa da "uhm" don ban ji ko kalma ɗaya ba. Kwamfutar ta mutu ta tashi, ta sake mutuwa ta tashi da kanta, nan ne mutane ke firgita su zare waya, kada ka taɓa komai. Ta dawo. Na zuba na biyu, aka maimaita. Da ta tashi fuskar bayos ɗin ta canja, duk kalolin nan da hotunan fanka masu juyawa sun tafi, ya koma rubutu zalla kamar na kwamfutocin da. Na ce ba komai, ba kallonsa zan zauna yi ba.

Kuskuren da na yi a gida na yi shi, kuma ba wanda zan ɗora wa sai kaina. Na karanta, na kuma kalla a bidiyo, cewa kafin ka cire fanka ka kunna kwamfutar ta yi zafi don tsohon man ya yi laushi, sannan ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga. Na dawo gida da daddare, sanyin hunturu, kwamfutar ta yi sanyi ƙalau, zumuɗi ya ɗebe ni na kwance sukurori huɗu na ja sama. Sai na ji ɗan ƙas. Na juya fankar, ga firosesa manne a gindinta, soket kuma a kulle, hannun ƙarfen ko ɗagawa ban yi ba. Man shekara bakwai ya bushe ya zama siminti. Na zauna a ƙasa na yi shiru, ƙanina ya ce "Yaya lafiya?" na ce masa kawo tocila. Soket ɗin bai fashe ba alhamdulillah, a jikin tsohon firosesan allurai biyu na gefe sun kwanta. Na aro handiraya a ɗakin ƙanwarmu na hura masa zafi kaɗan, na murɗa a hankali ya saki, alluran kuma na miƙe su da bakin fensirin nan mai cin lid, ka cire lid ɗin ka zura allurar a ramin ka ɗaga sannu sannu. Sun miƙe. Da sabon ne hakan ta faru da shi ban san irin kukan da zan yi ba.

Sauran ya zo da sauƙi. Na goge gindin fankar da auduga da sifirit na kemis har ya yi ƙyalli, na kakkaɓe ƙurar da ta toshe tsakanin ƙarafunta, wadda ita kaɗai ta isa a shuka gyaɗa. Na ɗaga hannun soket, na daidaita ɗan alamar zinare mai kusurwa uku da ta jikin soket, na sake shi ya faɗa da kansa, ba a dannawa, in bai shiga ba to ba daidai ka ɗora ba. Man kamar ƙwayar wake a tsakiya. Sukurorin a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, ina tallafe da farantin baya da ɗaya hannun don in ka cire fankar yakan zame. Ram a rami na biyu da na huɗu daga firosesa kamar yadda littafin madabod ya ce.

Na danna. Fanka na juyawa, sikirin baƙi. Sakan goma, ashirin, talatin, zuciyata na dukan uku uku, har na miƙa hannu zan kashe sai na tuna an ce tashin farko yakan daɗe don madabod yana gwada sabon ram. Can sai ga rubutu fari, wai an ga sabon firosesa, bayanan fTPM, wato ma'ajiyar mabuɗan tsaro, sun canja, in danna Y a goge ko N a bar na da. Wannan saƙon yana tsorata mutane kuma da dalili, in ka kulle diski ɗinka da BitLocker ka danna Y ba ka da mabuɗin ceto a rubuce, fayilolinka sun tafi. Ni ban taɓa kunna shi ba, na danna Y. Na shiga bayos na kunna XMP, saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, don in ba haka ba ram ɗin a ƙaramin gudu zai zauna duk da 3200 da ke rubuce a jikinsa, ya karɓa ba gardama, na shiga Windows na sa sabon direban cifset daga shafin AMD.

Gem ɗin farko da na buɗe Warzone ne, na sauka a inda na san da can nan take mutuwa. Katin ya haye 97, 98, 99 ya zauna, firosesan yana aiki cikin natsuwa ko rabi bai cika kaiwa ba, ƙamewar nan ta ɓace ɓat, na buɗe Discord da Chrome a gefe don neman tsokana ko a jikinta. A Counter-Strike firam ɗin ya yi tsalle sosai har ya wuce abin da sikirin ɗina mai 75 zai iya nunawa. Amma kada in yi muku daɗin baki, a gem masu nauyin hoto irin Cyberpunk 2077 lambar saman ba ta wani ninka ba, abin da ya canja shi ne santsi, ba ya faɗuwa ƙasa warwas in an shiga cikin gari. Zafi kuma, 5600 ya fi tsohon ɗumi a ƙarƙashin wannan 'yar fankar, tana ɗan ƙara in aiki ya yi nauyi, yanzu da sanyi ba matsala, iyakarsa digiri 95 ne kuma bai je kusa ba, amma na sa a raina kafin azabar Afrilu zan nemo fanka mai hasumiya ko ta gwanjo ce.

Windows 11 ta ɗan ja min rai don diskina tsohon tsari ne na MBR, sai da na juya shi sabon tsari, GPT, da 'yar manhajar mbr2gpt, na kashe CSM, tsohon salon tashi, a bayos na kunna saitin tsaro na Secure Boot sannan ta yarda. Yammaci ɗaya ya tafi a nan.

Abokina mai solar nan da ya ga sakamako sai ya ce shi ma a duba masa tasa, tsohuwar kwamfutar ofis ce tokumbo da ya sa wa ƙaramin kati, i5-4590 a ciki. Na duba na ce masa gaskiya soket ɗinka LGA1150 ne, ƙarshen hanyarsa i7-4790 na 2014, kor 4 ne shi ma sai dai zare 8, ram ɗin DDR3, kuma Windows 11 ba ta san da zamansa ba. In ya samu a kuɗin shayi ya sa, zai ɗan rage masa ƙamewa, amma in an tsuga masa kuɗi gara ya tara ya canja gida gaba ɗaya. Bai ji daɗi ba. Wani kuma a wurin mai i5-7400 ya ce ai shi soket ɗinsa 1151 ne zai sa na zubi na 8, na ce masa ramin ɗaya ne amma madabod ɗin jerin 100 da 200 ba sa tayar da su, ya shiga shafin kamfaninsa ya duba jerin kafin ya ba kowa kuɗi.

Tsohon 1200 ɗin yana nan a cikin robar da sabon ya zo, cikin durowa, ban gwada shi ba tun da na miƙe alluran, ƙanina ya ce nasa ne in ya tara kuɗin A320. Jiya da daddare yana bayana ina buga Cyberpunk, rubutun kusurwa na nuna katin a 99 firosesa na hutawa, ya leƙo ya ce "Yaya, katin nan fa ya tsufa." Na ce masa na sani, ya bari sai bayan sallah.